Hannun makaɗi da sauye-sauyen kiɗan rok

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku fara duba kayan aikin mai kiɗa ganguna a rok, wato kiɗan Turawa na jita da ganguna. Babbar gangar da ake takawa da ƙafar dama yawanci faɗinta inci 22 ne. Ƙaramar da ke tsakanin gwiwoyi, mai wayoyi a ƙasanta, inci 14. Sai faya-fayan tagulla biyu da ƙafar hagu ke buɗewa da rufewa.

Kiɗan rok a kan ƙirga huɗu yake tafiya. Ƙafa ta taka a ɗaya da uku, hannun hagu ya sauka kan ƙaramar ganga a biyu da huɗu, hannun dama kuma yana bugun faifai sau takwas. Wannan bugu na biyu da huɗu shi ne ƙashin bayan kiɗan, kuma makaɗi Earl Palmer na birnin New Orleans a Amurka yana cikin waɗanda suka kafa shi a shekarun 1950.

Da aka shiga shekarun 1960, amsa-kuwwar masu jita ta ƙara ƙarfi, dole ganga ta ɗaga murya. John Bonham, makaɗin ƙungiyar Led Zeppelin, ya koma babbar ganga mai inci 26. Ginger Baker, makaɗin ƙungiyar Cream, ya jera manyan ganguna biyu, daga baya ya zo Legas ya yi kiɗa da Fela Kuti a 1971.

Babban sauyi ya zo ne wajen 1980, lokacin da injinan kiɗa irin su Linn LM-1 suka fito. Yau a situdiyo makaɗi yana sanye da abin kunne yana bin ƙirgar na'ura, inda ya kauce kwamfuta ta mayar da bugun gurbinsa. A ganina an yi asara a nan, domin ɗan jinkirin da Bonham ke yi kafin ya sauke hannu shi ke ba kiɗansa nauyi, kwamfuta kuwa kuskure take ɗaukarsa.

To, mai koyo, sa na'urar ƙirga a bugu 60 a minti, ka yi minti goma ba ado. Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen zagaye ganguna a ƙarshen baiti: zumuɗi ya ja hannu, sai ka riga ƙirga dawowa. Kuskure na biyu shi ne damƙe sanda. Riƙe ta da babban yatsa da manuni, kusan kashi ɗaya cikin uku daga gindinta, ka bar ta ta yi tsalle da kanta. In ka matse, sautin ya mutu, wuyan hannu kuma ya fara ciwo tun ba a je ko'ina ba.