Bosniya da Tatsuniyar "Gabar Gado"

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuh.

An ba ni take mai faɗi, a kan binciken masana game da siyasa da al'adun yankin Balkan. Yankin ya tashi tun daga Kuroshiya da Sabiya har Albaniya da Bulgeriya da Girka, kuma kowace ƙasa a cikinsu ta ishe mu laccar yini guda. Saboda haka zan tsaya a kan Bosniya kaɗai. Waɗanda suka manyanta a cikinku ba baƙon suna ba ne a gare su, don daga 1992 zuwa 1995 da wuya a buɗe rediyo da yamma ba a ji Sarayebo, babban birninta, ba. A Bosniyar ma magana ɗaya zan bi, wadda aka yi ta nanatawa a lokacin yaƙin har ta zama kamar karatu: wai mutanen nan gabarsu ta gado ce, tun kaka da kakanni suke yanka juna, ba abin da wani zai iya yi. Ni a nazarina maganar nan ƙarya ce, kuma ƙarya ce da ta ci rayuka.

Ku fara da sanin su waye. Ƙidayar 1991 ta nuna Musulmi kusan kashi 44 cikin 100, Sabiyawa mabiya cocin Otodoks kashi 31, Kuroshiyawa 'yan Katolika kashi 17. Dukkansu Turawa ne 'yan asalin wurin, kuma harshensu ɗaya. In ka tsaya a kasuwar Sarayebo ba za ka bambanta su da ido ko da kunne ba, sai ka ji sunan mutum. Musuluncin ya shiga ne bayan Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba tamu ta Sakkwato ba, ta ci ƙasar a 1463.

Ba ina cewa tarihinsu babu jini ba ne. A Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Ustasha na Kuroshiya sun hallaka Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma a sansanin Jasenovac, 'yan Chetnik na Sabiya kuma sun karkashe Musulmi a gabashin Bosniya. Amma Faransa da Jamus sau uku suka gwabza tsakanin 1870 da 1945, ba wanda ya ce a jininsu abin yake. Wannan ita ce hujjar Maria Todorova, masaniyar tarihi 'yar Bulgeriya, a littafinta na 1997: Yammacin Turai ta daɗe da mai da Balkan juji, inda take zubar da duk halin da ba ta so a ce nata ne. A ɗaya ɓangaren akwai littafin ɗan jaridar Amurka Robert Kaplan na 1993, mai cike da labaran tsohuwar ƙiyayya, wanda aka sha ruwaito cewa Shugaba Clinton ya karanta shi gwiwarsa ta yi sanyi game da shiga tsakani. A daidai lokacin, takunkumin makamai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa duk Yugoslabiya, tarayyar da Bosniya ke cikinta kafin yaƙin, a 1991 yana nan daram. Tankoki da manyan bindigogin rundunar tarayya suna hannun ɓangaren Sabiyawa, gwamnatin Sarayebo kuwa an ɗaure mata hannu. Wanda ya yarda cewa kowa mai laifi ne tun fil azal, ba zai ga aibun wannan ba.

To me ya kawo yaƙin? Tito, shugaban Yugoslabiya, ya rasu a 1980 ya bar ƙasa da bashin kusan dala biliyan 20. Shekaru goman da suka biyo baya na tsadar rayuwa ne da rashin aikin yi, ga kuma gurguzu yana rushewa a ko'ina. Masu riƙe da jam'iyya da masana'antu da 'yan sanda suka ga mulki na shirin suɓuce musu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Slobodan Milosevic, shugaban Sabiya, ya tara jama'a a filin Gazimestan na Kosobo ranar 28 ga Yunin 1989, ranar cika shekara 600 da yaƙin da Sabiyawa suka yi da Turkawa, ya yi musu maganar yaƙe-yaƙen da ke gaba. Gidan talabijin na Belgrade ya shiga tono gawarwakin 1941 kullum dare.

Akwai wani masanin siyasa, V. P. Gagnon, da ya bi diddigin wannan a littafinsa na 2004, ya fito da abin da ya juya tunanin da yawa daga cikinmu. Ya ce ba don jama'a na ƙishin yaƙi aka yi yaƙin ba, an yi shi ne don a rufe bakin masu neman canji. A Maris na 1991 mutanen Belgrade sun cika tituna suna adawa da Milosevic, sai da aka fito musu da tankoki. Da aka kira samari aikin soja a wannan shekarar, dubbai suka ɓuya ko suka tsallake iyaka. Haka a Sarayebo, ranar 5 ga Afrilun 1992, dubban mutane daga kowane addini suka fito suna cewa ba sa son yaƙi. Aka buɗe musu wuta a kan gadar Vrbanja, mata biyu suka faɗi: Suada Dilberovic, ɗalibar likitanci Musulma, da Olga Sucic. Yau gadar sunansu take ɗauke da shi.

Wani zai ce, Malam, ai a zaɓen 1990 jam'iyyun ƙabila uku ne suka lashe Bosniya. Gaskiya ne, kuma wannan shi ne wuri mafi wuya a hujjar. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne tsoro. Mutum yana iya son jam'iyyar da ta haɗa kowa, amma in yana zaton maƙwabcinsa zai zaɓi ta ƙabilarsa, sai ya ce kada a bar ni ba mai tsaya min. Kowa ya yi wannan lissafi a ɗakinsa, aka wayi gari da sakamakon da da yawansu ba su so ba.

Yanzu ku duba yadda aka gudanar da yaƙin, don a nan ne hujjar ta fi ƙarfi. A Prijedor, ƙarshen watan Mayun 1992, aka sanar a rediyo cewa duk wanda ba Basabiye ba ya ɗaura farin ƙyalle a dantse, ya rataya farin zane a gidansa. Ku tsaya ku yi tunani. In da mutanen nan a rabe suke tun asali, da me za a yi da ƙyalle? Sai da aka sa alama domin ba a iya gane su. A Banja Luka aka sa nakiya aka tarwatsa masallacin Ferhadija, wanda aka gina a 1579, aka kwashe duwatsunsa aka zubar, alhali ba a yin faɗa a garin. A Mostar dakarun Kuroshiyawa suka harbe tsohuwar gadar 1566 har ta rufta cikin kogin Neretva a Nuwambar 1993. A Sarayebo aka ƙona Cibiyar Nazarin Gabas a watan Mayun 1992 da rubuce-rubucen hannu sama da 5,000, sannan a Agusta aka ƙona babban ɗakin karatu na ƙasa. Mutanen gari sun ba da labarin yadda tokar takardu ta riƙa sauka a unguwanni. Wanda ke ƙona rijistar filaye da kundin alƙalai so yake ya shafe shaidar cewa an taɓa zama tare.

A nan zan ɗan ratse, don abin ya shafe mu. Ɗakin karatu na Gazi Husrev-beg, wanda aka kafa a 1537, ya tsira ne saboda ma'aikatansa sun riƙa cusa littattafan a kwalayen ayaba suna sauya musu maɓoya a ƙarƙashin harsashi. A cikin abin da suka tserar akwai wani juzu'i na Ihya'u Ulumid Din da aka kwafa a 1105, Imam Gazali yana raye, don shi a 1111 ya rasu. Littafin da ake jan baƙinsa a zaurukanmu ke nan. Kuma su ma suna da ajaminsu, sun rubuta harshensu da haruffan Larabci ɗaruruwan shekaru, da waƙoƙin wa'azi da na bege. Ina roƙon ɗalibanmu na sashen Larabci da na Hausa su leƙa wannan fage, don wanda ya iya karanta ajamin Kano ya riga ya yi rabin tafiya.

Sai batun ƙidayar mamata, wanda a ganina shi ne aikin bincike mafi daraja da aka yi a kan yaƙin. Ana cikin faɗan ana cewa mutum 200,000 ko 250,000 ne suka mutu. Wata cibiya a Sarayebo ƙarƙashin Mirsad Tokaca ta ce a'a, suna-suna za mu bi: wane ne, ɗan wa, a ina, yaushe. A 2007 suka fitar da sunaye kusan 97,000, masana ƙidaya na kotun laifukan yaƙin Yugoslabiya da ke Hague kuma suka kai wajen 104,000. Wasu daga cikin mutanensa sun yi fushi da shi, suna ganin ya rage musu baƙin cikinsu. Amma lissafin nan ne ya nuna cewa sama da kashi 80 cikin 100 na fararen hular da aka kashe Musulmi ne, kuma ba mai iya musun sa, domin kowane adadi yana da suna da uba.

A Srebrenica, cikin Yulin 1995, dakarun Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Ratko Mladic suka kashe maza da samari sama da 8,000 a garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tudun mun tsira ne, sojojin Holand na wurin. Daga baya aka zo da motocin haƙa aka tone ramukan aka warwatsa gawarwakin a wasu ramuka don a ɓatar da sawu. Shi ya sa ake samun ƙasusuwan mutum ɗaya a wurare biyu ko uku. Da gwajin jinin dangi aka gano kusan 7,000 daga cikinsu. Har yau, duk ranar 11 ga Yuli, ana sallar jana'iza a Potocari kusa da garin, kuma akwai uwar da ƙashi biyu kawai aka ba ta ta binne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kotun Duniya ta tabbatar a 2007 cewa kisan ƙare dangi ne, Radovan Karadzic, shugaban Sabiyawan Bosniya a lokacin yaƙin, da Mladic kuma kotun laifukan yaƙi ta yanke musu ɗaurin rai da rai.

Abin da ya fi damuna shi ne sulhun da ya biyo baya a kan tatsuniyar nan aka gina shi. A Nuwambar 1995 Richard Holbrooke, wakilin Amurka, ya kulle Milosevic da shugaban Kuroshiya Tudjman da shugaban Bosniya Alija Izetbegovic a wani sansanin sojan sama a Dayton ta jihar Ohio har mako uku. Aka raba ƙasa: kashi 51 ga tarayyar Musulmi da Kuroshiyawa, kashi 49 ga Jamhuriyar Sabiyawa, wadda Srebrenica ke cikinta. Tarayyar kuma aka sake yanka ta gunduma 10, kowace da gwamnatinta. Shugaban ƙasa mutum uku ne, suna karɓa-karɓa duk wata takwas. A samansu akwai Babban Wakili na ƙasashen waje, wanda tun 1997 yake da ikon kafa doka da tsige zaɓaɓɓe. Tsarin mulkin kansa rataye ne na huɗu a jikin yarjejeniyar, da Turanci aka rubuta shi, kuma ba a taɓa kai shi gaban jama'a su kaɗa masa ƙuri'a ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Dayton ta tsayar da kisa, yau shekara talatin ba a koma ba, kuma wanda bai kwana ƙarƙashin ruwan bama-bamai ba bai isa ya raina wannan ba. Amma ɗori ne da aka yi cikin gaggawa, ƙashin ya kama a karkace. Dervo Sejdic ɗan Roma ne, Jakob Finci Bayahude, dukansu 'yan ƙasa, amma tsarin mulki ya hana su tsayawa takarar shugabanci don ba sa cikin ƙabilu ukun. Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta ba su gaskiya a 2009, har yanzu ba a gyara ba. Akwai makarantu da dama da ake kira makaranta biyu a rufi ɗaya: yaran Musulmi da na Kuroshiyawa suna shiga gini guda ta ƙofa daban ko a lokaci daban, kowa da nasa littafin tarihi. Mostar ta yi daga 2008 zuwa 2020 ba zaɓen ƙaramar hukuma saboda an kasa daidaitawa a kan mazaɓu. Ɗan siyasa a irin wannan tsari ba ya bukatar ƙuri'ar kowa sai ta ƙabilarsa, don haka tsoratar da su ya fi yi musu aiki riba. Milorad Dodik, jagoran Sabiyawan Bosniya, ya yi shekaru yana barazanar ɓallewa, har kotu ta same shi da laifin bijire wa Babban Wakili a 2025. Su kuwa matasa sai tafiya Jamus da Ostiriya. Mutum miliyan 4.4 aka ƙirga a 1991, a 2013 miliyan 3.5.

Duk da haka jama'a ba su daina ƙaryata tatsuniyar ba. A 2014 ma'aikatan masana'antun da aka rufe a Tuzla suka tayar da zanga-zangar da ta bazu a garuruwa, aka ga kwali an rubuta "muna jin yunwa da harsuna uku", don harshen nan ɗaya kowace ƙabila ta sa masa nata suna. A Jajce kuma, a 2016 da 2017, 'yan sakandare suka ƙi yarda a raba musu makaranta, suka dage har hukuma ta janye.

Ga ɗaliban kimiyyar siyasa, a nan muhawarar take. Arend Lijphart ya ce a al'umma mai rarrabuwa a ba kowace ƙungiya kasonta da ikon hawa kujerar na ƙi, Dayton kuma kusan haka ta yi. Donald Horowitz ya ce a'a, a tilasta wa ɗan takara neman ƙuri'a a wajen gidansu, kuma cikin misalansa har da dokarmu ta 1979, ta samun kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Bosniya ta ɗanɗana wani abu mai kama da haka ba da niyya ba: Zeljko Komsic ya ci kujerar Kuroshiyawa ta shugabancin ƙasa sau huɗu, galibi da ƙuri'un Musulmi, jam'iyyar Kuroshiyawa kuma ta ce an zaɓa musu wakilin da ba su aika ba. Ƙorafin nasu yana da tushe, kuma wanda zai rubuta kundi a kan wannan dole ya amsa shi kafin ya ɗauki ɓangare.

Ranka ya daɗe shugaba, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi. Wassalamu alaikum warahmatullah.