Wichita da Clyde Cessna: Daga Zangon Shanu Zuwa Garin Ƙera Jiragen Sama

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wani shimfiɗaɗɗen fili na ciyawa wanda mutum zai yi tafiyar kwanaki a cikinsa bai ga dutse ko kurmi ba. A kudancin jihar Kansas, daidai inda ƙaramin kogin Arkansas ya haɗu da babban, nan garin Wichita yake. Sunan na wata ƙabila ce ta asalin mazauna ƙasar, waɗanda suka yi zaman gudun hijira a wurin lokacin yaƙin basasar Amurka, suna kwana a bukkokin ciyawa, kafin gwamnati ta mayar da su kudu a 1867. Suka tafi, sunansu ya zauna.

Fatake ne suka fara kafa rumfuna a wurin. James R. Mead da Jesse Chisholm sun buɗe wuraren ciniki a shekarun 1860, suna sayen fatu suna sayar da kayan masarufi, kuma hanyar da amalanken Chisholm suka fasa zuwa kudu ita ce daga baya ta zama babban burtalin da ake koro shanu ta kansa daga Texas. A 1870 aka yi wa Wichita rajista a matsayin gari, sannan a 1872 layin dogo ya iso. Daga nan makiyaya bisa dawakai suka riƙa isowa da garkunan shanu masu dogayen ƙaho, bayan tafiyar watanni, ana loda su a taragu zuwa mahautan gabas. Kuɗi ya shigo, rikici ma ya biyo shi, musamman a unguwar Delano da ke ƙetaren kogi, inda gidajen giya da na caca suka taru. Wyatt Earp, wanda sunansa ya shahara daga baya, ya yi aikin ɗan sanda a garin a tsakiyar shekarun 1870.

Wannan kasuwa ba ta daɗe ba. Manoma suka mamaye filayen suka kafa shinge, ga kuma fargabar cutar da shanun Texas ke yaɗawa ga na gida, don haka cinikin ya koma yamma zuwa Dodge City. Wichita ta rungumi alkama da masara, ta kuma sha hauhawar farashin filaye a shekarun 1880 wanda ya ƙare da karyewar mutane da yawa.

A cikin irin waɗannan manoma ne Clyde Vernon Cessna ya tashi. An haife shi a jihar Iowa ranar 5 ga Disamba, 1879, iyayensa kuma suka ƙaura da shi yana ƙarami zuwa wata gona kusa da ƙauyen Rago, yamma da Wichita. Karatunsa bai wuce firamare ba, amma a gonar da babu makaniki kusa, duk injin da ya lalace sai mai shi ya gyara, kuma a nan hannun Cessna ya faɗa. Daga gyaran injinan casa ya koma motoci, har ya zama dillalin mota a garin Enid na jihar Oklahoma.

A farkon 1911 ya je Oklahoma City kallon wasu matuƙa da ke yawo gari-gari suna nuna tashin jirgi. Abin da ya gani, da kuma irin kuɗin da ake biyan su, ya sauya masa tunani. Ya tafi New York, ya leƙa yadda ake haɗa jirgi a kamfanin Queen, ya sayo gangar jirgi wadda aka kwaikwaya daga samfurin Blériot na Faransa, mai fukafukai hawa ɗaya. Katako ne da zane da waya, ya sa masa inji, ya raɗa masa suna Silverwing.

Babu wanda ya koya masa tuƙi. Ya ɗauki jirgin zuwa wani farin filin gishiri kusa da garin Jet, inda babu itace ko shingen da zai yi karo da shi, ya shiga gwaji tare da ɗan'uwansa Roy. Ya faɗi, ya gyara, ya sake faɗuwa, fiye da sau goma, har da raunin da ya kwantar da shi. Mai kallo daga nesa zai ce taurin kai ne kawai, amma kowace faɗuwa tana nuna masa abin da ba shi da littafin da zai gaya masa, wato yadda iska ke kama fiffike da yadda ake juyawa ba tare da jirgin ya kife ba. Kafin shekarar ta ƙare ya iya tashi, ya kewaya, ya sauka lafiya. Daga nan ya mayar da abin sana'a: da rani ya bi bukukuwan baje kolin amfanin gona yana tashi ana biyan sa, da hunturu kuma ya koma gona ya ƙera sabon jirgi wanda ya fi na bara.

A 1916 mai kamfanin motocin Jones ya ba shi wuri a masana'antarsa, a nan aka ƙera jirgin sama na farko a Wichita. Shigar Amurka yaƙin duniya na ɗaya a 1917 ta tsayar da harkar, Cessna ya koma noma. Sai dai a daidai wannan lokaci an tono man fetur a El Dorado, gabas da garin, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi arziki da shi, Jake Moellendick, ya zuba kuɗinsa a kamfanin da ya fara ƙera jirgin Swallow a 1920. Ba don wannan kuɗin mai ba, da wuya masu fasahar su taru a gari ɗaya. Ma'aikata biyu na kamfanin, Walter Beech da Lloyd Stearman, suka fice suka nemi Cessna, wanda ya girme su kuma yana da jari, suka kafa Travel Air a 1925.

Haɗin bai wuce shekara biyu ba. Beech ya fi amincewa da jirgi mai fukafukai hawa biyu, shi kuwa Cessna ya dage a kan hawa ɗaya wanda ƙarfinsa ke cikin fiffiken kansa, ba tare da sandunan tokare ko wayoyi masu rage gudu ba. A 1927 ya fita ya kafa kamfani da sunansa, kuma a 1928 matuƙi Earl Rowland ya ci rukuninsa na tseren New York zuwa Los Angeles da jirgin Cessna.

Karyewar tattalin arziki ta sa aka rufe masana'antar a 1931. 'Ya'yan 'yar'uwarsa biyu, Dwane da Dwight Wallace, su ne suka taimaka aka sake buɗe ta a 1934. Bayan shekara biyu Cessna ya sayar musu da hannun jarinsa ya koma gonarsa ta Rago, ya ci gaba da noma har rasuwarsa a watan Nuwamba na 1954, shekara biyu kafin a fara sayar da Cessna 172, jirgin da aka fi ƙera irinsa a tarihin duniya.