Gunkin da ya sha ruwan sama kusan shekara ɗari: labarin Todai-ji

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau Japan za mu je, birnin Nara, garin nan da barewa ke yawo a titi tana bin mutane tana neman biskit. A tsakiyar garin akwai wani wurin ibadar mabiya addinin Buddha mai suna Todai-ji, kuma babban ginin katakon da ƙaton gunkin Buddha yake ciki, faɗinsa mita 57 ne, tsayinsa kusan mita 49. Amma shi ne karo na uku da aka gina shi, kuma na farkon ya fi wannan girma nesa ba kusa ba.

Abin ya faro ne daga masifa. Tsakanin 735 zuwa 737 annobar agana ta shiga Japan ta kashe mutane ba adadi har da manyan fada, ga yunwa ga tawaye. Sarki Shomu sai ya ga mafita ita ce a ƙera ƙaton gunkin Buddha na tagulla, ya ba da umarni a 743, kuma a cikin umarnin ya ce ko mutum ciyawa ɗaya zai kawo ko cikin hannu na ƙasa, a bar shi ya sa hannu. Ku riƙe wannan maganar don za ta dawo. Gunkin ya kai kusan mita 15, an shafe shi da zinare, zinaren ma sai a 749 aka samo shi a arewacin ƙasar. A 752 aka yi bikin buɗe ido, wani malamin addinin daga Indiya mai suna Bodhisena shi ya zana ƙwayar idon.

Sai yaƙi. A 1180 dakarun gidan Taira, wata zuriyar mayaƙa mai ƙarfi, suka cinna wa Nara wuta, ginin ya ƙone ƙurmus, kan gunkin ya faɗo. Wanda aka ɗora wa aikin gyara wani tsohon malami ne, Chogen, ya haura shekara sittin, ya riƙa bi gari gari yana neman taimako, ya ɗauko maƙeri ɗan China ya sake zuba kan, aka buɗe sabon ginin a 1195.

To a 1567 aka sake gwabza faɗa a harabar wurin, wuta ta sake cinye shi. Nan ne labarin ya fi taɓa ni gaskiya. An yi rumfa ta wucin gadi, guguwa ta kwashe ta a 1610, shi ke nan gunkin ya zauna a fili, ruwa ya dake shi rana ta dake shi, kansa faci ne kawai, sama da shekara ɗari daga gobarar babu wanda ya iya tayar da ginin. Wani yaro mai suna Kokei ya shigo wurin yana ɗan shekara 13, ya taso yana kallon abin a haka, da ya girma sai ya nemi izinin gwamnati a 1684 ya fita yawon neman gudummawa, duk abin da mutum ya ba shi yana karɓa komai ƙanƙantarsa, kamar dai yadda Shomu ya faɗa tun farko. A 1692 aka yi bikin buɗe idon sabon kai. Ginin kuwa sai 1709, kuma Kokei bai gani ba, ya rasu a 1705.

Kuɗin bai isa a maida shi yadda yake ba, shi ya sa aka rage faɗin da kusan kashi ɗaya cikin uku. Manyan itatuwa ma sun yi wuya, ku duba ginshiƙan nan da kyau, ba itace ɗaya ba ne, katakai ne aka jera kewaye da na tsakiya aka ɗaure su da ƙarfe. Manyan katakai biyu da ke ɗauke da rufin, kowanne ya haura mita 23, tun daga tsibirin Kyushu aka jawo su ta ƙasa da ta ruwa.

Da tafiya ta yi tafiya rufin ya fara lotsawa saboda nauyi, a gyaran da aka gama a 1913 aka saka masa ƙarafa da aka shigo da su daga Ingila, daga ƙasa ba za ka gan su ba. Daga 1974 zuwa 1980 aka sake sauke rufin aka shimfiɗa tayil na yumɓu sama da dubu ɗari, a 1998 kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

Yanzu kalli gunkin a kusa. Fuskar ta fi santsi, ta ƙarni na 17 ce, jikin ya sha faci tun zamanin Chogen, abin da ya rage na ainihi yana can ƙasa, musamman furen da yake zaune a kai, inda har yau ana ganin zanen da aka yi tun ƙarni na 8. Kuma duk ranar 7 ga Agusta da sassafe mutane sanye da fararen kaya suke taruwa, a ɗaga wasu da igiya har saitin fuskar, wasu su hau tafin hannun, su share ƙurar shekara.