Faifai nawa ya kamata ka sa a jaka? Amsata ga mutanen Sakkwato daga dajin Finlan

Assalamu alaikum ƴan uwa, mutanen Mabera, Arkilla, Gawon Nama, Runjin Sambo, da ku ɗaliban Dundaye masu kallo da datar dare. Ina gaisuwa. Idan kun ji ƙarar iska ku yi haƙuri, muna cikin daji ne a wajen garin Tampere, kuma mai riƙe da kyamara ɗan Ƙonni ne, sanyi ya sa hannunsa na rawa.

Tun da na saka bidiyon nan da wani Bature ya wuce ta bayana da wata shirgegiyar jaka a goye, tambaya ɗaya ke ta shigowa: wai duk abin da ke cikinta faya-fayai ne? Kuma idan mutum zai fara wasan golf na faifai, guda nawa zai nema? Har ƙanena ya turo saƙo, wai Yaya idan za ka zo hutu ka riƙo mani ashirin. Ashirin! To yau za mu zagaya fili tare, ina jifa ina bayani.

Doka tukuna. A golf na sanda da ƙwallo, sanda 14 ce iyaka, ka wuce haka a ci ka tara. A namu wasan babu iyaka. Hukumar da ke kula da wasan, PDGA, wadda Ed Headrick ya kafa a Amurka a 1976, ta ƙayyade yadda faifai zai kasance: kada nauyinsa ya wuce giram 200, faɗinsa kada ya gaza santimita 21. Amma yawan da za ka ɗauko, wannan tsakaninka da bayanka ne. Ka zo da ɗaya, ka zo da arba'in a amalanke, ba mai ce maka don me.

Amsata ga mai farawa ita ce uku.

Ga waɗanda yau suka fara kallonmu: ka tsaya a kan wannan dandamalin, ka wurga faifai, inda ya faɗi ka je ka sake wurgawa daga nan, har ya shiga wancan kwandon na ƙarfe mai sarƙoƙi. Sarƙoƙin ne ke tare faifan ya zube ciki. Yawancin filaye kwando 18 ne ko 9, kuma wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. A ƙasar nan filayen ɗaruruwa ne, akasarinsu kyauta, tun daga na farko da aka yi a unguwar Meilahti ta Helsinki a 1983.

Matso da kyamara, malam. Wanga na farko shi ne faifan kusa. Ku dubi bakinsa, mai kauri ne, a dunƙule. Ba ya gudu, amma inda ka nuna masa nan yake zuwa, kuma in ya bugi sarƙa yana zama. Sunansa Aviar, na kamfanin Innova. Na biyu faifan tsakiya, wanga Buzzz ne na Discraft. In da za a ce in zaɓi ɗaya tak in yi zagaye da shi, shi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Na uku shi ne na nesa mai sauƙin sarrafawa, Leopard. Bakinsa ya fi siranta, yana yanka iska. Shagunan nan ma haka suke haɗa wa sabon shiga: kwali ɗaya, faifai uku.

Yanzu ku karanta lambobin da ke jikin Leopard ɗin: 6, 5, -2, 1. Kusan kowane faifai na da irin waɗanga lambobi huɗu. Ta farko gudu ce, wato irin ƙarfin da faifan ke buƙata daga hannunka kafin ya tashi yadda aka ƙera shi. Ta biyu shawagi, yadda yake daɗewa a sama. Ta uku karkatar da yake yi zuwa dama a farkon tafiya, ta huɗu kuma faɗuwar da yake yi zuwa hagu idan ƙarfinsa ya ƙare. Wannan ga mai jifa da hannun dama ta bayan hannu ke nan. Bahago sai ya juya lissafin.

Lambar farko ita ce ke yaudarar mutane. Mutum ya ga 12 a jikin faifan nesa irin Destroyer, ya ce ai wanga ya fi mai 6 nisa sau biyu. A'a. Wannan 12 ɗin bashi ne faifan ke bin hannunka. In ba ka biya shi ba, bai ko miƙe ba zai kife hagu ya caki ƙasa. Bari ku gani. Na aro na abokina... to, ga shi can, ya yi cikin itatuwa. Yanzu ga Buzzz, da ƙarfi iri ɗaya. Kun gani? Ya tafi sak, kuma ya wuce inda wancan ya faɗi. Gani ya kori ji. Hannun da bai kai jifan mita 80 ko 90 ba, in ka ba shi faya-fayan nesa guda biyar daban-daban, duk abu ɗaya za su yi masa: hagu, ƙasa. Ka ga kuwa ba faifai biyar ya ɗauko ba, ɗaya ya ɗauko sau biyar.

Shi ya sa nake auna abin da hannu. Hanyoyi nawa hannunka ke iya aika faifai, kuma ka san bambancinsu? Adadin da ya kamata ka riƙe ke nan.

To manyan ƴan wasa fa, da ke yawo da ashirin ko fiye? Nan kusa, a garin Nokia, an sha yin babbar gasar Turai, kuma in ka tsaya bakin igiya za ka ga jakunkunansu cike. Su suna da dalili. Mutum irin Paul McBeth, wanda ya ci gasar duniya sau shida, ko Kristin Lätt ta Estoniya, wadda a da aka sani da Kristin Tattar, yana jifa ta bayan hannu, yana yi ta gefe, yana mirgina faifai a ƙasa, yana tsallake bishiya ta sama. Kowane salo da faifan da ya dace da shi. Sannan akwai wani abu da ba ya fitowa a kyamara: da yawa daga cikin faya-fayan nan iri ɗaya ne. Faifai in ya sha karo da itace da dutse, halinsa na canjawa, taurin kansa na raguwa, ya fara karkata dama fiye da da. Sai ɗan wasa ya riƙe samfuri ɗaya guda uku ko huɗu: sabo fil, mai ɗan tsufa, da wanda ya sha wuya. A hannu duk ɗaya suke, a sama kowa da tafiyarsa. In ka ƙirga samfura maimakon guda-guda, sai ka ga jakar ta ragu sosai.

Kuma duk da haka, jifan da ya fi kowane shahara a tarihin wasan da faifan kusa aka yi shi. A gasar duniya ta 2021 a jihar Yuta, kwando na ƙarshe, James Conrad na bayan McBeth da jifa ɗaya. Daga nisan ƙafa 247, kimanin mita 75, ya wurga faifai mai ɗan ƙaramin gudu ya zarce cikin sarƙa. Aka yi kunnen doki, aka je raba gardama, ya ɗauki kofi. Ku nemi bidiyon, ihun ƴan kallo kaɗai ya isa.

Mu taka zuwa inda nawa ya faɗi. Kula da saiwar nan.

Akwai kuma nauyi, wanda ba a tunawa da shi a shago. Faifai ɗaya yawanci giram 165 zuwa 175 ne. Ashirin sun kai kilo uku da rabi, ba a sa jakar kanta ba, ba a sa gorar ruwa da tawul da rigar ruwa ba. Zagaye ɗaya na cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, hawa da gangara, kuma kowane jifa sai ka sauke jaka ka sake ɗauka. Kafin kwando na goma sha biyar kafaɗar da za ka yi jifa da ita ta gaji. Ni dai idan na ga sabon shiga da irin wannan lodin, ɗan koli yake tuna mani a ranar kasuwar Achida: kaya rututu a baya, amma abu biyu ko uku ne ke fita. Ga ɓata lokaci. Ya tsaya yana lalube, ya ciro wanga ya mayar, ya ciro wancan, mutane na jira a baya. A gasa ma ba a barin ka ka yi ta shawara, kimanin rabin minti ake ba ka.

To yaushe ake wuce uku? Buɗe tawa jakar ku gani, bakwai ne a ciki, kuma kowane ƙari zan faɗi abin da ya kawo shi.

Faifan kusa guda biyu ne. Ɗaya na jefawa cikin kwando kawai, ba na barin shi ya bugi dutse, don ina son ya zauna yadda hannuna ya san shi. Ɗayan shi ke shan wahalar jifa daga mita 40 ko 50. Sai Buzzz guda biyu, tagwaye. Wannan ba don salo ba ne, don ɓata ne. Ku dubi tafkin can a kwando na bakwai. Finlan ƙasar tafkuna ce, kuma yawancin faya-fayai nitsewa suke. In ya shige ciyawa, doka ta ba ka minti uku na nema, in ba a gani ba a ƙara maka jifa ɗaya na tara. Wanda ya zo da faifan tsakiya ɗaya ya rasa shi a kwando na uku, sauran zagayen ya zama wahala. Ni a ganina tagwayen faifan da ka fi amfani da shi ya fi sabon samfuri amfani nesa ba kusa ba. Af, kuma ku rubuta suna da lambar waya a bayansa. A gasa wajibi ne faifai ya zama da alamar mai shi, kuma a nan in an tsinta sau da yawa ana kira.

Da Leopard ɗin nan, biyar ke nan. Na shida shi ne na iska, Firebird, lambobinsa 9, 3, 0, 4. Mai taurin kai ne. Iskar da ke bugo ka ta gaba tana sa faifai ya ji kamar an wurga shi da ƙarfin da ya wuce kima, sai ya kife dama ya tafi abinsa. Wanga ba ya yarda. Na bakwai kuma na nesa ne mai gudu 9 ko 10 da nake koyo da shi, wani zagayen ma ba ya fita daga jaka.

Yanzu maganar gida, don ƙanena da abokansa. Sakkwato ba dajin Finlan ba ce, lissafin zai ɗan sauya. Ba ku da matsalar tafki sai in kun gangara fadamar gulbin Rima, saboda haka tagwaye ba dole ba ne. Amma iska kuna da ita. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in iskar hunturu ta taso a buɗaɗɗen fili, faifai mai sauƙin karkata zai ba ku haushi. Don haka na huɗunku ya zama mai taurin kai. Ƙasarmu kuma tana da tauri, ga tsakuwa ga ƙaya, roba mai araha za ta ci duka ta canja hali cikin ɗan lokaci. Na tsakiya da na nesa gara a sayi roba mai kyau ko da ta kai yuro 20, na kusa kuwa mai arahar ta wadatar. Ku guji launin ƙasa-ƙasa da ruwan ɗorawa, cikin yashi da busasshiyar ciyawa sai ku taka shi ba ku gani ba. Shuɗi ko ruwan hoda mai haske ya fi. Kuma a zafin Afrilu, da ma'auni ke haura 40, kada a bar faifai cikin mota ko ƙarƙashin kujerar mashin, lanƙwashewa yake. Wurin da faya-fayai goma za su ci a jaka, ku sa ruwan sha.

Sannan filayenmu ba a killace suke ba. Yara na wucewa, ga awaki, ga masu komawa gida daga gona. Faifan nesa mai gudu 12 bakinsa sirara ne, in ya sami mutum a fuska yana fasa fata. Wanda bai iya saita hannu ba tukuna, ba shi da dalilin riƙe irinsa a wurin da jama'a ke bi.

Don haka ƙanena, ashirin ɗin nan ba za ka samu ba. Sha biyu zan riƙo in Allah ya kai mu, kuma ba naka ba ne kai kaɗai: uku-uku, mutum huɗu. Wasan nan ba ya daɗi in kai ɗaya ke jifa sauran na kallo. Rashin kwando kada ya dame ku. Kafin Headrick ya ƙera kwandon sarƙa, bishiyoyi da turaku da gangunan shara ake saitawa. Ku zaɓi dogon yaro tara a fili, ku ɗaura wa kowanne ƙyalle a daidai ƙugu da wani a daidai kafaɗa, faifai ya bugi tsakani an ci. In abin ya karɓu, mai walda zai iya haɗa kwando da sarƙa da rodi. Bakinsa kimanin santimita 82 daga ƙasa, sauran awon zan ɗauka a bidiyo in turo.

To ga mu a kwando na farko, saura kamar mita shida. Riƙe kyamarar da kyau, ɗan Ƙonni. Bismillah... ya shiga! Kun ji ƙarar sarƙar?

Akwai mutum uku na jira a dandamali, bari mu ba su wuri, kuma har yanzu ba mu ɗauko Destroyer ɗin mutane daga cikin itatuwa ba. Wanda ke da tambaya kan jifan gefe ya ajiye ta, shi za mu yi a bidiyo na gaba. A gaida su Inna da Baba, a gaida mutanen Sakkwato baki ɗaya. Sai an jima.