Harajin VAT da mai sayar da sutura ta waya

Wannan lacca ce da aka yi wa masu sayar da sutura ta intanet a Kaduna, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena mata, ƙannena, sannunku da zuwa.

Da yawanku ba ku da rumfa a Kasuwar Gumi ko Kasuwar Bacci. Rumfarku tana cikin waya. A saro atamfa da leshi a Kantin Kwari, a ɗauki hoto a ɗora a WhatsApp ko Instagram, alat ya shigo, a kai kaya tashar Kawo. To, hukuma ba ta bambanta cinikin waya da cinikin rumfa, shi ya sa na zo mu yi maganar VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya mai saye ya biya, tun kasuwar tana ƙarama.

An fara karɓar wannan haraji a Najeriya a 1994, ya maye gurbin tsohon harajin sayar da kaya. Kashi 5 cikin ɗari ne har zuwa Fabrairun 2020, aka mayar da shi kashi 7.5. Na gwamnatin tarayya ne, hukumar FIRS ke karɓa, wadda ta koma NRS da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Janairun 2026. Kada ku haɗa shi da harajin kuɗin shiga da KADIRS ke karɓa a nan jiha. Wannan daban, wancan daban. Magani da littattafai sun samu rangwame, amma shadda da abaya ba sa ciki.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓar VAT, sabuwar dokar ma ta ƙara ɗaga wannan iyaka. Saboda haka wadda ta fara da turmi goma, hankalinta ya kwanta. Amma ciniki aka ce, ba riba ba. Duk kuɗin da ya shigo ta hanyar sayar da kaya shi ake lissafawa, har da uwar kuɗin. Tsohuwar iyakar ta miliyan 25 a shekara ba ta wuce miliyan 2 da 'yan kai a wata ba. Mai haɗa kayan lefe, ko wadda amare ke ba wa anko, ta san ana ganin wannan kuɗin a watan azumi kaɗai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne asusu ɗaya. Kuɗin cefane, zubin adashi, gudummawar biki, kuɗin da yaya ya turo wa Inna, duk suna faɗawa inda kuɗin atamfa ke faɗawa. Ranar da aka tambaye ki cinikinki na shekara, da me za ki rarrabe? Don Allah ku buɗe wa sana'a asusunta, ku yi wa sunan kasuwancin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku karɓi lambar biyan haraji, sannan ku sayi littafi. Rana, kaya, farashi, kuɗin aike. Rasidin sari kuwa a adana shi kamar takardar fili.

Hajiya ta tambaya daga baya, idan an haye iyakar fa?

To Hajiya, a ce kin saro abaya 14,000, dila mai rajista ya ɗora miki VAT 1,050 a rasidi. Kin sayar 20,000, sai ki ɗora 1,500, mai saye ya biya 21,500. Ki cire 1,050 da kika riga kika biya, saura 450, shi za ki miƙa kafin 21 ga wata mai kamawa ta wuce. Idan babu rasidi, 1,500 ɗin duka za ki bayar. Kuma wannan kuɗi ba naki ba ne, amana ce mai saye ya damƙa miki, kada ki juya shi a sari.

Wajen saka farashi, a rubuta jimillar a ƙarƙashin hoto tun farko. Mutumin Kaduna zai yi tayi ya nemi ragi, amma ba ya son a ce masa akwai ƙari bayan an yi sallama.

Wancan ɗan'uwa na ga ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, Malam, a miƙa masa abin magana.