Wuyan Mashin: Laccar da Wani Tsohon Makanike Ya Yi wa 'Yan Kabu-kabu a Jega

Assalamu alaikum. Iyayena, 'yan'uwana, da ƙannena masu neman abinci a kan mashin, sannunku da zuwa.

Yau a kan wuyan mashin zan yi magana, wato wurin nan da kan mashin ya haɗu da gangar jikinsa. A cikin wuyan akwai boris biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A ƙananan mashinan da muke hawa yawanci 'ya'yan ƙarfe ne zagayayyu, suna gudu a cikin kwanonsu da giris. Duk ramin da tayar gaba ta faɗa, duk birkin da ka taka da kaya a baya, su ke shan dukan, musamman na ƙasa. Amma kowa inji yake tambaya, ba mai tambayar wuya.

Damina da ta wuce wani yaro ya kawo mini Boxer, yana ɗauko shinkafa daga fadama buhu uku-uku. Ya ce, "Baba, kan mashin yana yi mini gardama." Da na kwance wuyan, babu ɗigon giris, sai tsatsa ja kamar garin barkono a tafin hannuna. 'Ya'yan boris biyu sun fashe. Ruwan fadama ya shiga, wankin mashin na kullum ya ƙara, ƙura ta ƙarasa aikin. Da wannan wuyan yake hawa titin Birnin Kebbi da gudu. Wallahi ranar jikina ya yi sanyi.

To, dubawa ba ta cin ko sisi. Kafa mashin a kan ƙafarsa ta tsakiya, wani ya danna baya har tayar gaba ta bar ƙasa. Juya kan a hankali daga dama zuwa hagu. Ya kamata ya tafi sumul. In ka ji yana ɗan maƙalewa daidai tsakiya, kamar ya faɗa gurbi, to 'ya'yan boris sun riga sun haƙa rami a kwanon. Wannan ba ɗauri zai gyara shi ba, sai canji. Ka lura kuma kada wayar birki ko ta kuloci ce ke riƙe shi, ka zargi boris a banza.

Sai ka durƙusa gaban tayar, ka kama ƙafafun shoka biyu daga ƙasa, ka ja gaba ka tura baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, wuya ya saki. Ko ka sauke mashin, ka riƙe birkin gaba, ka dinga tura shi, yatsanka yana kan wuyan. Yatsa zai ji abin da kunne bai ji ba.

Yanzu ga inda nake so yaran gareji su buɗe kunne. Ana sassauta babban notin sama tukuna, da ƙananan da suka riƙe shoka a sama, sannan a taɓa notin ɗauri mai haƙora da ke ƙarƙashi. Yana da sufanarsa mai ƙugiya. Na sani, da yawanmu guduma muke sa masa. In dole ce, to a hankali, kaɗan-kaɗan, kana ɗaurewa kana gwadawa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaron da zai ɗaure tamau don mai mashin ya daina jin ƙara. Ƙara ta tafi, amma yanzu mashin ba ya bin layi, yana yawo da kai a kan hanya, kuma cikin 'yan makonni kwanon ya lotse. Daidai shi ne ƙwas-ƙwas ya ɓace, amma in ka ɗan taɓa kan da yatsa, ya faɗi gefe da nauyinsa. Bayan ka ɗaure notin sama ka sake gwadawa, domin ɗaurinsa yakan ƙara matse boris.

In canji ya kama, a canza 'ya'yan da kwanonsu gaba ɗaya, kada a zuba sababbi a tsohon kwano. A ƙirga su kafin su watse cikin yashi, a cika giris.

Malam, kai da ke bakin ƙofa, turo naka nan gaba mu gwada kowa ya gani.