Lacca kan James Brown: mutumin da ya mayar da kowane kayan kiɗa ganga

Assalamu alaikum. Iyayena da ke gaba, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na bayan can kuna ji na ko? To madalla.

Yau maganar James Brown, mawaƙin nan na Amurka, za mu yi, na ga wasu dattawa sun fara murmushi, su ne 'yan afro da wando mai faɗin ƙafa na shekarun 1970, Allah ya bar mana ku. Yara kuma ku saurara, domin rabin kiɗan da ke wayoyinku daga gidan mutumin nan ya fito.

An haife shi ranar 3 ga Mayu 1933 a Barnwell, jihar South Carolina a kudancin Amurka, lokacin da baƙar fata ko famfo ɗaya ba ya sha da bature. Uwarsa ta tafi tun yana ƙarami, ya tashi a garin Augusta na jihar Jojiya a hannun gwaggonsa, wadda gidan mata masu zaman kansu take riƙe da shi. Ya yi shushaina, ya yi wa sojoji rawa suna jefa masa kwabbai, makaranta ma bai yi nisa ba. A 1949 yana ɗan shekara 16 aka ɗaure shi saboda fasa motocin mutane, sai 1952 ya fito bayan dangin wani saurayi mai suna Bobby Byrd sun tsaya masa. Ku riƙe sunan Bobby Byrd ɗin nan, shi ya sa shi cikin ƙungiyarsa ta waƙa, ƙungiyar da ta zama Famous Flames, kuma kafin a ankara baƙon ya zama maigida.

Waƙarsu ta farko da ta yi kasuwa ita ce "Please, Please, Please" a 1956. Amma inda za ku gane halin mutumin shi ne 1962. Ya ce wa mai kamfanin faifansa, Syd Nathan na King Records, a ɗauki wasansa kai tsaye a zauren Apollo da ke unguwar Harlem a New York, da ihun jama'a da komai, Nathan kuma ya ce wa zai sayi faifan da babu sabuwar waƙa a ciki? Sai Brown ya zaro kuɗinsa ya biya da kansa. Faifan ya fito a 1963, ya hau har na 2 a jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, ya yi sati 66 a kai. Tun daga nan ba ya jin maganar kowa, wannan kuma ya amfane shi ya kuma cuce shi.

To yanzu ga gundarin maganar, a nan zan ɗan daɗe. Kiɗan da ake yi a Amurka lokacin ana ƙirga shi ne ɗaya biyu uku huɗu, nauyin yana sauka a kan biyu da huɗu, wajen da ake tafi kenan. Shi sai ya ce a'a, kowa ya dira a kan ɗaya. Ku gwada, ku buga ƙafa a ɗaya kawai... yauwa, kun ji yadda jiki ke zabura? Bai tsaya nan ba, ya ce mai jita ya daina yawo da karin waƙa, ya riƙa kartar igiya gajere gajere, masu busa su riƙa soka sauti su janye, mai bes ya kama 'yar jimla ɗaya ya yi ta maimaitawa, shi kansa muryarsa ta koma gurnani da ƙara da kiran sunan makaɗi. Kowa ganga yake bugawa ko da ba ganga a hannunsa. Kamar luguden mata ne a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacinta, in ɗaya ta yi latti an ɓata. Ya fara nuna wannan a "Papa's Got a Brand New Bag" a 1965, ya kammala shi a "Cold Sweat" a 1967, wadda da yawa ke ɗauka ita ce waƙar fank ta farko cikakkiya, fank ɗin shi ne sunan wannan salon kiɗa.

Kiɗa irin wannan ba ya yiwuwa sai da horo mai tsanani, kuma a nan ne nake da ja da masu yabonsa ba waiwaye. Mutumin nan tara yake cin makaɗansa. Ka kuskure sauti tara, takalminka bai yi ƙyalli ba tara, ka makara tara, kuma yana tsakiyar rawa a kan dandamali zai juyo ya watsa maka yatsu, 'yan kallo na zaton salo ne alhali albashinka ake yankewa. A watan Maris 1970 yawancin makaɗan, har da mai busa Maceo Parker, suka ce ba sa yi sai an biya su haƙƙinsu. Ko lallashi bai yi ba, ya aika jirgi Cincinnati aka kwaso wasu samari, cikinsu akwai Bootsy Collins ɗan shekara 18 da wansa Catfish, suka hau dandamali.

Sai kuma Clyde Stubblefield, maganarsa tana min ciwo wallahi. Shi ya buga gangar "Funky Drummer", 'yan daƙiƙoƙin da ya yi shi kaɗai a ciki su 'yan hip hop suka yi ta yankowa suna ɗora waƙoƙi sama da dubu a kai, amma da yake sunan Brown ne a faifan a matsayin marubuci, shi kuɗin aikin ranar kawai ya samu. Ya rasu a 2017 bayan doguwar jinya.

Ta fuskar siyasa kuwa ba a gane inda ya dosa. An kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, ranar 4 ga Afrilu 1968, garuruwa suka kama da wuta, washegari Brown yana da wasa a Boston, magajin gari Kevin White ya yarda a watsa shi a talabijin don mutane su zauna a gida, kuma Boston ta kwana lafiya idan aka kwatanta da sauran birane. A shekarar ya saki "Say It Loud", waƙar alfahari da baƙar fata. Amma a 1972 sai ga shi yana goyon bayan Nixon, shugaban Amurka na lokacin, masoyansa suka yi ta zanga-zanga a ƙofar wasanninsa.

Mu ma nan ya taɓa mu. Tun kafin ya zo, Geraldo Pino ɗan Saliyo ya cika Legas da irin kiɗan Brown, har mawaƙinmu Fela Kuti ya ga dole ya nemo tasa hanyar. A Disamba 1970 Brown ya sauka Legas, yaransa suka je kulob ɗin Fela suka ga abin da ya ɗaure musu kai, Tony Allen mai gangar Fela ma ya sha faɗa cewa an zaunar da mutum kusa da shi yana rubuta yadda yake bugu. Kenan ba ɓangare ɗaya ne ya kwafi ɗaya ba. A 1974 kuma ya yi wasa a Kinshasa, a bikin da aka shirya don damben Muhammad Ali da Foreman.

Ƙarshen rayuwarsa ba daɗi. Kiɗan disko ya kwashe kasuwa, hukumar haraji ta sa shi gaba, ya faɗa shan ƙwaya, an kama shi ba sau ɗaya ba kan dukan matansa, wannan kuma ba abin da za a rufe ba ne don mutum ya iya waƙa. A 1988 'yan sanda suka yi tsere da shi a mota, aka yanke masa shekara 6, ya fito a 1991 ya koma yawon wasa, har da alkyabbar nan da mai gabatar da shi Danny Ray ke yafa masa in ya durƙusa shi kuma ya yar ya dawo kan makirfo. Ya rasu ranar 25 ga Disamba 2006 a Atlanta yana da shekara 73.

A wasiyyarsa ya ce yawancin dukiyarsa a kashe wajen karatun yaran talakawa a South Carolina da Jojiya. Magada suka shiga kotu, ba a sasanta ba sai 2021, kusan shekara 15 lauyoyi na ci yaran na jira.

An miƙo min takarda lokaci ya yi. Mai tambaya ya ɗaga hannu, Baba na ga naka tun ɗazu, bisimilla.